Ranar da Gero Ya Ƙi Jin Rediyo

Na san akwai matsala tun lokacin da Alhaji ya kashe rediyo ana tsakiyar labarai. Mai karantawa yana ta murna, wai farashin hatsi ya faɗi a kasuwanni, talaka zai sarara. Har na buɗe baki zan ce alhamdulillahi, sai na ga fuskar Alhaji, na haɗiye abata.

A kantinsa na kayan masarufi nake aiki a Kazaure tun da na gama sakandare, ni da wata abokiyar aikina da ta girme ni. Albashina shi ne maganin hawan jinin Innata, ba mu da wata ƙofar.

Alhaji mutum ne mai sauraron labaran tattalin arziki kamar huɗubar Juma'a. In aka ce dala ta tashi, kafin a kai labarin wasanni ya sa mun ƙara wa ashana da kanwa kuɗi, sai ka ce daga Amurka ake haƙo kanwar. In aka ce ta sauko, sai ya ce ai tsohon kaya ne, da tsada ya saro. Da kaka ya ji masu sharhi suna rantsuwa cewa abinci zai gagari kowa, sai ya bi kasuwar Gwiwa da ta Roni ya kwashe gero, ya cika sito, yana jiran manoman su dawo su sayi abinsu ninki. Gero dai bai ji sharhin ba. Ya yi ƙasa abinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, Alhaji ba ya korar mutum da baki, wai shi mai kunya ne. Sai ya sa a ƙulla sukari da ganyen shayi a leda, ya miƙa maka da yamma, ya ce a gaida mutan gida, zai neme ka. Ba ya nema. Haka direbansa ya tafi da ledarsa lokacin da fetur ya tashi.

Daga ranar na daina ganin sukari a matsayin sukari. Duk wanda ya zo sayensa sai in bar wa abokiyar aikina awon. Inna ta tambaye ni abin da ya hana ni cin tuwo, na ce zafi ne. Har yau in ana auna sukari kusa da ni sai in kau da kai.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya ce in ƙulla sukari da ganyen shayi. Abokiyar aikina ta sunkuyar da kai tana goge kantar da ba ta da datti. Na auna ina ganin dishi-dishi. Na ce tunda nawa ne, bari in yi wa mudun tozo, ko Inna ta daɗe tana sha. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ledar, ya jinjina nauyinta, ya harare ni, sannan ya kira abokiyar aikina ya miƙa mata, ya ce ta gaida mutan gida.

Ta yafa mayafinta ta fita, ba ta dube ni ba. Ni ma ban iya kiranta ba.

"Ke kina nan, yarinya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Sai dai daga wannan watan rabin albashinki gero ne. A farashin da na saya."

Na tuna mai kemis ba ya karɓar gero. Na durƙusa har ƙasa.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji."

Ya ce amin, ya miƙa hannu ya kunna rediyo.