Ɗan Naman Da Aka Tsinko a Cikin Baba

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta shekarar da Baba ya raba shanunsa tun yana da ransa. Lokacin ina koyarwa a firamare a Gwaram, zamanin da kuɗin man fetur ya sa ake ta buɗe makarantu ko'ina. Shi kuma yana ƙauyenmu Kwandiko, wata shida ciwon ciki yana cin sa. Ko furar da yake so, in ya sha sai ta dawo. An sha saƙe-saƙi, an sha rubutu, ya yi ta afa kanwa, amma kullum ramewa yake.

Da ƙyar na ja shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ɗauki hoto ya ce yana tsoron ciwon daji, amma ba zai yanke hukunci ba sai an je Kano an zura wata na'ura ta baki, a leƙa cikin, a tsinko ɗan nama a auna.

Baba na jin zancen nama ya ɗau sandarsa. "Ni ba ragon layya ba ne. Ku mai da ni gida in mutu da jikina cikakke." Ya koma ya tara yayyena ya raba musu garke. Kowa ya sunkuyar da kai, wai ba a ja da na gaba. Ni kuwa tun ina ƙarama taurin kai gare ni, Inna ta ce a wurinsa na gada.

Da hantsi na same shi a bakin turke. Na ce, "Baba, bara da jar saniyarka ta kwanta aka yanka, me ya sa ka farke tumbinta?"

"In ga abin da ya kayar da ita mana."

"To ita sai da wuƙa aka duba ta. Kai za a duba kana numfashi, ka ce a'a?"

Ya dube ni. Ya ce, "Boko ya lalata miki baki. Nemo mota."

A Kano aka hana shi ci da sha, aka fesa masa magani a maƙogwaro, aka zura wani baƙin tiyo mai fitila, kaurin yatsa. Da aka gama, nas ta nuna masa 'yar kwalba da abin da aka tsinko, bai kai ƙwayar gero ba. Baba ya ƙanƙance ido. "Wannan ne naman? Ai ko kaska ta fi wannan ɗiba."

Mako biyu muna jiran sakamako, abinci ba ya min daɗi. Ranar da muka koma likita ya ce ba daji ba ne, gyambon ciki ne, kuma yana jin magani. Wallahi a gabansa na fashe da kuka, ban ji kunyar kowa ba. Aka ba Baba magunguna, aka raba shi da goro da garin maganin ciwon kai da yake afawa a kan yunwa. Kafin kaka yana share kwanon tuwo, har yana yi wa yayyena faɗa a kan kiwo. Jikokinsa tara aka haifa bayan nan, duk shi ya yi musu huɗuba.

Abin da na koya shi ne, ba a yi wa ciwo suna sai an duba, kuma ba kowane shiru ne biyayya ba. Da na sunkuyar da kai kamar sauran, da ladabinmu ne ya binne Baba.