Kafaɗar Boda Hukum

Boda Hukum Singh, wan mahaifina, da kafaɗa ya ci abinci. Tun yana saurayi, in ciwo ko naƙuda ta tashi a ƙauyenmu na kan dutse, shi ne a gaban dandi, kujerar nan da ake ɗaura wa sanduna, maza huɗu su sauka da mara lafiya har bakin titi. Kafaɗarsa ta dama har ta yi kanta.

Shi ya sa ba wanda ya kai shi murna da aka ce Delhi ta ware wa jihohin tsaunuka irin tamu kuɗi na musamman, hanya za ta iso mana.

To amma ka san aikin ma'aikatan gwamnati. Suka yi ta barci har Maris ya kama, watan da in ba a kashe kuɗi ba sai su koma inda suka fito. Sai ga su afujajan da nakiya. Suka fasa dutsen da ke saman gidan Boda, suka tura ƙasar gangare, ko katangar tokara ba su gina ba. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Hanya dai ta zo, ita ce kuma ta kwashe mana samari zuwa birni.

Bana ruwa ya ɓullo ƙarƙashin murhunsa, jawur da laka. Bango ya tsage har hannuna na shiga. Ruwan farko ya zaftare hanyar. Wani jami'i ya hauro da ƙafa, ya shafa jan fenti a ƙofar.

"Dutsen nan zai sauko, Baba. Amma kuɗin tashinku sai bayan damina."

Ga matarsa Bisambari, ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, ga ƙauyen ba maza huɗu masu ƙarfi.

Jiya na same shi a tsakar gida, ya cire sandunan dandi, ya ɗaure buhun tamba a kujerar, yana goya ta.

"Boda, mene ne haka?"

"Gwaji nake, 'yata. Ba ta fi wannan nauyi ba."

Daga ɗaki Bisambari ta ce, "Tsohon nan, ni ce buhu?"

"Ina! Buhu ai ba ya surutu."

Ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ya sake, ya zube dirshan. Hadari ya riga ya rufe kan dutsen, tsoro ya kama ni.

Ya jawo hannuna, ya rage murya.

"Ki ce mata na ɗauka."