Ranar da Garba Rewaya Ya Shiga Jirgina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina bakin kogi ina zuba wa inji mai, waya ta shigo. Wai Garba Rewaya ya rasu. Na ce wane Garban? Aka ce naka. Sai kawai na samu kaina zaune a kan yashi, jarkar man tana hannuna.

Jama'ar Wudil kun san ni, ba na yabon mutum don a ce na yi yabo. A aji uku na sakandare na ajiye biro. Na yi dakon yashi da kwando a kaina. Na yi tallan soyayyen kifi a bakin gada, ina bin motoci da gudu. Na sayi kwale-kwalen katako, na sa masa inji, na sayar, na haɗa jirgin nan mai rufi da kuke gani. Babu kawu, babu ɗan siyasa, babu wanda ya ce min ungo. Kuma a iya sanina ni na fara ɗora janareta a jirgi a kogin nan, da ƙwayayen wuta da sifika da wurin cajin waya. In akwai wanda ya riga ni, ya fito a kwamen ƙarƙashin rubutun nan mu gaisa.

To amma yau ba ranata ba ce. Ranar Garba ce.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Garba mai gyaran wutar mota ne, rumfarsa tana bakin titi kusa da tasha. Tun muna samari muke tare. Shi yana ce min Kyaftin, don tsokana. Ni ina ce masa Injiniyan Bakin Titi. Tsohuwa ta kawo masa tocilan, zai ajiye babbar mota ya duba mata. Lasifikar masallacin unguwarmu in ta shaƙe, kafin liman ya aika ya riga ya hau tsani.

Abu ɗaya ne da shi: tsoron ruwa. Mutumin da aka haifa a Wudil, amma in zai wuce gada a tsakiyar titi yake so ya bi. Yakan ce, "Ni da kogin nan muna gaisawa ne daga nesa, kuma zumuncinmu lafiya lau."

Shekarun baya aka sa ranar auren 'yata Bilkisu. Gidan mijin a wani ƙauye yake can ƙasan kogi, hanyar mota da damina sai an yi dogon zagaye, ga taɓo. Na tashi a gaban dangi na ce, 'yata a jirgin ubanta za a kai ta, da wuta da kiɗa, yadda ba a taɓa kai wata amarya ba a ƙasar nan.

Uwarta, Hajiya Rabi, ta dube ni ta ce, "Alhaji, 'yar tawa da ƙannena da ƙawayena za ka zuba a ruwa, kogi a cike?"

Na ce na faɗa, kuma gari ya ji.

Sai jirgin ya tsiro da wata irin cuta. In na ɗauki fasinja muka kai tsakiyar ruwa, na tada janareta, sai ƙwayayen su fara ƙifta ido, inji ya yi tari ya mutu. Wani lokacin in ka dafa ƙarfen gefe sai ka ji ya ɗan ja ka. Mu sa sanda da filafili mu lallaɓo bakin gaɓa, kowa ya sauka, in sake tayarwa, komai garau. Kamar jirgin yana min dariya.

Na canza batir. Na canza fulogi. Na canza fiyus. Na ɗauki janareta na kai shi tudu, ya yi aiki wuni guda bai ko yi atishawa ba. Biki saura 'yan kwanaki, kuma na san in injin nan ya mutu da amarya da mata a tsakiyar ruwan damina, maganar ba ta kunya ba ce kaɗai.

Na je rumfar Garba. Na same shi rabin jikinsa a cikin wata motar kaya.

Na ce, "Injiniya, fito, aiki ya zo."

Ya ce, "Kyaftin, in na ruwa ne ka kawo min shi nan tudu."

Ya dai biyo ni. Ya tsaya a gaɓa, ya miƙa hannu da 'yar mitarsa da ƙwan gwajinsa, ya bi wayoyin da hannunsa zai iya kaiwa. Ya sa na tada inji, na tada janareta, na kashe, na sake tayarwa. Ya ce, "Jirginka ya fi ka lafiya."

Na ce, "Ai ni ma abin da na gani ke nan. Ba ya yi sai da mutane a ciki, kuma sai a tsakiya."

Ya sosa gemu. Ya ce, "Ka ce sai ya ɗauki nauyi."

Na ce, "Abin da nake faɗa maka ke nan tun ɗazu."

Ya ce, "A'a, kai tsakiyar ruwa kake ta kira. Ni nauyin na ji."

Har ya koma ga Allah ba mu gama wannan gardamar ba, ta waye ya fara gano maganar nauyi. Ni dai na san daga bakina ta fito.

Sai ya ce to ciwon da ba ya tashi sai da kaya, da kaya za a neme shi. Na ce kuma mai neman sai ya shiga ciki. Ya dubi kogin, ja wur da ruwan damina, yana tafe da ciyayi da rassan itace. Ya dube ni.

Ya ce, "Bilki ce za ta shiga, ko?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Yarinyar da na yi wa huɗuba da kaina ranar da kake can kana dakon yashi. Je ka nemo mutane."

Washegari da hantsi na je teburin mai shayi na kwashe duk wanda ke zaune, na ce kowa yana da soyayyen kifi in mun dawo. Na haɗa da Bala mahauci, wanda shi kaɗai ya kai nauyin gado da katifa. Muka ƙara buhunan yashi a madadin kayan ɗaki. Muna cikin haka sai ga Garba.

Jama'a, na ba shi rigar nan ta ruwa mai hana nitsewa, ya sa. Bai yarda da ita ba. Ya zo da jarkoki biyu babu komai a ciki, ya ɗaure su da igiya a ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ga akwatin kayan aiki a hannu, ga carbi a wuya.

Bala ya ce, "Garba, mai za ka sayo mana ne a ƙasan ruwa?"

Garba ya ce, "Kai dai zauna a tsakiya, in ka karkata gefe ɗaya duk mun tafi."

Ya shiga da bismilla ta fi a ƙirga. Ya zauna a ƙasa, bai yarda ya kalli ruwan ba. Ya ce kowa ya zauna yadda 'yan kai amarya suke zama, a cunkushe, ana motsi, ana leƙe. Nan take Bala ya toshe hanci ya rangaɗa guɗa, masunta da ke gefe suka bar taru suna kallonmu.

Muka kai tsakiya. Na tada janareta. Ƙwayaye suka fara ƙifce-ƙifcensu, inji ya yi tarinsa ya mutu. Ruwa ya fara tafiya da mu a hankali.

Garba ya ce, "Alhamdu lillahi! Kada wanda ya motsa. Kowa ya tsaya yadda yake."

Ban taɓa ganin wanda inji ya mutu masa a tsakiyar kogi ya yi hamdala ba sai shi.

Ya sa na kashe janareta tukuna, ya ce ba ya wasa da wuta a kan ruwa. Ya cire wayar da ke kashe inji daga jikin makunni, ya ɗora mitarsa tsakaninta da ƙarfen jirgi. Mita ta yi ƙara. Ya ce, "Ka ji? Wayar nan tana taɓa jiki a wani wuri. Injinka ba ciwo yake ba, ce masa ake ya mutu, yana bin umarni."

Sai ya fara tada mutane ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan mita. Wannan ya tashi, tana ƙara. Wancan ya tashi, tana ƙara. Aka zo kan Bala. Yana ɗaga jikinsa mita ta yi tsit.

Jirgi ya kaure da ihu. Wani ya ce a jefa Bala a ruwa an huta. Bala ya ce wallahi shi tun da yake bai taɓa kashe injin kowa ba.

Muka ɗaga katakon da ke ƙarƙashinsa. Ga wayar janareta, ga ta kashe inji, kwance tare a kan haƙarƙarin ƙarfe. Duk lokacin da aka yi nauyi, katako ya danne su, girgizar janareta ta yi ta goga su har roba ta cinye. Ga ɗan ruwan da ke taruwa a ƙasa in jirgi ya nutsa da kaya, yana lasar su. In an sauka katako ya ɗaga, ruwa ya gangara baya, ciwo ya ɓuya.

Garba yana durƙushe, jarkoki suna bugun juna a ƙugunsa, a haka ya raba wayoyin nan ya naɗe su da tef har muka samu muka dawo. A gaɓa ya zare su gaba ɗaya, ya sa sababbi, kowacce a cikin bututunta, ta janareta ta bi dama ta sama, ta inji ta bi hagu. Ya haɗa jikin janareta da ƙarfen jirgi da waya mai kauri. Ya ce, "Kada ka ƙara kwantar da su shimfiɗa ɗaya."

Na ce shi ke nan, an gama. Ya ce ba a gama ba, a sake lodi a koma. Shi da kansa ya ce a koma! Muka koma, Bala ya yi ta tsalle a kan katakon, inji bai ko gyara murya ba.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, Hajiya Rabi ta tsaya a gaɓa ta ƙi sa ƙafa. Sai ta hango Garba a zaune kusa da janareta, da babbar riga sabuwa, jarkokin nan sun tokare ta ta ciki.

Ta ce, "Malam Garba, kai ma?"

Ya ce, "Hajiya, in kin ga na shiga, to ki shigo da zuciya ɗaya."

Ta shiga. Muka tafi da wuta da kiɗa da guɗa ta gaske, kowa da rigar ruwansa. Mutanen ƙauyuka suka fito gaɓa suna ɗaga hannu. Ana kiran magariba muka sauke Bilkisu lafiya a mashigin garin mijinta. Garba ya taka ƙasa ya ce shi a mota zai koma, ko da zagayen zai kai shi Lajawa.

Bai sake shiga ruwa ba.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne, a kasuwa. Ya ɗan rame, amma bakin yana nan. Ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba. Ya tambayi Bilki da yaranta. Ya ce, "Kyaftin, ka riƙa ɗaga katakon nan kana dubawa, ba don ni ba." Na ce sai ya zo ya duba da kansa. Ya yi dariya ya ce, "Ka tanadi jarkoki."

Ɗazu na kira Bilkisu na faɗa mata. Ta fashe da kuka.

Allah Ya jiƙanka Garba. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya tsallakar da kai lafiya. Allah Ya ba iyalanka haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya danna alama kawai ya wuce, ya tsaya ya yi masa addu'a da bakinsa.

Malamai sun ce shaidar mutane tana amfanar mamaci. To ga tawa, kuma a rubuta ta da sunana cikakke, kada a ce wani bawan Allah ne ya faɗa. Ni Alhaji Usman Mai Jirgi, na bakin gadar Wudil, na shaida Garba mutumin kirki ne.