Zahara'u da ta hana a kulle Malam Na'iya

Kullum da hantsi, in ta sallami masu jiran allura a ɗakin shan magani, Zahara'u takan hau bayan babur ta zaga gidajen tsofaffin Jabo. Ba wanda ya sa ta. Shekara talatin tana haka, watan gobe za ta aje aiki.

Gari ya shaida abin da ta yi wa Malam Na'iya, tsohon manomi. Da matarsa Batula ta rasu, sai ya daina magana, abinci ma sai an matsa. 'Ya'yansa suka karɓe fartanyarsa don girmamawa, suka ce ya huta. Abin ya ƙaru.

Ran da ta je, ta tarar da babban ɗansa Mannir yana kafa kwaɗo a ƙofar ɗakin tsohon.

"Mannir, wa za a kulle?"

"Baba za a kulle, Inna. Rikicin tsufa ne, gadonmu ne. Haka kakanmu ya fita, sai a Fakku aka tsince shi."

"Shi ya taɓa ɓata?"

"Tukuna dai."

"To aje gudumar nan. Ɗebo min zangarniyar gero."

Aka zube a tabarma gaban tsohon. Ta zaɓi wadda ta fi kowace lalacewa, ta ce, "Baba, wannan nika son in yi iri da ita."

Tsoho ya fizge ya jefar. "Wannan ko tsuntsu ba shi so, ɗiyata. Wa ya koya miki noma?"

Wata fuɗu ke nan ba a ji muryarsa ba.

Ta gaya wa Mannir ba kwana-kwana: ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma in aka bar shi shi kaɗai ana iya gaggauto mantuwar da suke tsoro, balle ga mai ita a dangi. Ta tura su wajen likita a Tambuwal, ta sa aka mayar masa da zaɓen iri.

Ke ce, Zahara'u, kika duba mutum sa'ad da kowa ke duban kakansa. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuwa masu tsoho a gida, kada ku raba shi da aikin hannunsa ku kira shi hutu. In ya yi shiru, ku kai shi a duba.

Yau shekara bakwai ke nan da yin haka. Mantuwar ta fara zuwa, ba a ɓoyewa, sunan Zahara'u ma ya kuɓuce masa. Amma ɗakinsa a buɗe yake, in ya hango ta yakan ce, "Ga wadda ba ta san gero ba."