Ranar da Baba ya yi wa kwamfutata fifita

Kwamfutar ta sake ɗaukewa ɗif ke nan, sai ga Baba a ƙofar shagona a Makarfi, ya taso daga ƙauyenmu Gazara.

Bidiyon walimar saukar Alƙur'ani nake haɗawa, kuma bayan la'asar za a haska wa iyayen yara. Da na ga aikin yana jan ƙafa, sai na shiga saiti na ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Gudu ya samu, amma zafi ya yi mata yawa. Na cire murfi, na kakkaɓe ƙura, na shafa sabon man sanyaya, na ɗaura ƙarin fanka, na sake kunna ta. Zama ya gagare ni, in duba agogo, in taɓa ƙarfen in ji zafinsa.

Baba bai taɓa son sana'ar nan ba, kullum maganarsa in dawo gona.

Bayan mun gaisa ya ce, "Me ke damunta?"

"Zafi ne, Baba. In ta sake mutuwa, na sha kunya a garin nan."

Sai ya cire malafarsa, ya tsuguna, ya shiga yi mata fifita.

"Haba Baba, kawo in yi."

"Kai dai yi aikinka."

Hannunsa bai tsaya ba har bidiyon ya kammala, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ko iskar malafar ta taimaka, ban sani ba. Ni dai na kasa haɗa ido da shi.

Jama'a, da me ake saka wa uba irin wannan?