Sai An Jiƙa Masa Dusa

Kullum da asuba za ka tarar da Baba Mai Igiya tsugune a bakin famfo yana wanke kwanukan ruwan dabbobi. Shi ne dattijo cikin ma'aikatan ƙungiyar da ke ceton dabbobin da aka wofintar. Ba ya son surutu. In taro ya yi tsawo ana ta alkawura, sai ya ce, "Jaki bai taɓa ƙoshi da jawabi ba," ya saɓa igiyarsa ya fita.

Aikinsa bin sawun ƙorafi. A bugo waya a ce ga kare an ɗaure a rana, shi zai je ya gani da idonsa. Ƙa'idar ƙungiya ba ta da kwana: in sakaci ne, a ƙwace dabbar a kai mai ita gaban hukuma. In shi ya miƙa da kansa, a karɓa a yi masa godiya.

Wata safiya wata mata ta bugo, ta ƙi faɗin ko ita wace ce. Ta ce akwai jaki a bayan inda ake buga bulo, maƙwabciyarta ta bar shi yana lalacewa. "Ku yi sauri. Kuma ba ya cin dusa sai an jiƙa masa, haƙoransa sun ƙare."

Da Baba da direban ƙungiya suka isa, suka tarar da jakin ƙashi da fata, kofatansa sun yi tsawo har sun lanƙwashe, ƙudaje sun baibaye gyambon bayansa. Maƙwabta suka taru. Mai jakin, wata tsohuwa, ta fito tana dogara sanda. Mijinta ne ke dakon bulo da shi kafin ya rasu.

"Baba, wannan ai sakaci ne ƙiri-ƙiri," in ji direban ƙungiya.

Baba kuwa yana kallon kwanon jiƙaƙƙiyar dusa a gaban jakin, da sawun da kwanon ya bari a ƙasa tun daga ƙofar ɗaki. Tura shi aka yi da sanda, don babu ƙarfin ɗauka.

Ya matsa kusa da tsohuwar, ya rage murya. "Iya, wace maƙwabciya ce ta san haƙoran jakin wani?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai. "Marigayi ya bar mini shi amana. Da wane baki zan ce na kasa? Gara a ce ƙwacewa aka yi."

"In muka ƙwace, gaban hukuma za a kai ki."

"A kai ni, ɗan nan. Ya fi mini sauƙi."

"Ni kuwa ban iya ƙwace a hannun mai jiƙa dusa ba."

Ya zarga wa jakin igiya, ya danƙa mata bakin igiyar, ya tsaya da hannunsa a buɗe. Ta daɗe riƙe da ita. Can sai ta miƙa masa.

Baba ya juya wajen maƙwabta. "Ita ta kira mu. Ku da kuke da ƙafafu, wa ya taɓa ɗaukar mata kwano?"

Ya ja jakin suka tafi.

Jakin bai yi nisan kwana ba, amma gyambon ya warke kafin ya mutu. Baba ma ya bar aiki, gwiwa ta ƙi. Ranar da zai tafi an shirya masa jawabin ban kwana, aka neme shi aka rasa. Yana can bayan garke, ya zuba ruwa a dusa, yana murza ta da yatsu ya ji ko ta yi laushi.