Rodin da Ke Tokare da Taga

A makarantar da ke bayan tashar mota, duk yaron da ya yi faɗa sai a koro shi ya zauna a bencin baranda. Barandar kuwa ta mai shara ce. Ba wanda ya ɗauke ta aikin tarbiyya, tsintsiya da bokiti aka ba ta. Amma mutum ba ya shekara da shekaru yana share ƙarƙashin ƙafafun masu laifi bai tofa komai ba.

Ba ta wa'azi. Tambaya ɗaya gare ta. Yaro zai ce, "Wallahi in aka tashi sai na fasa masa baki." Sai ta ce, "To. Sannan fa?" Ya ba da amsa, ta sake tambaya, ta yi ta jan sa har ya isa inda bai yi niyyar zuwa ba, ya koma kallon silifas ɗinsa. Takan ce da an yi wa mijinta wannan tambayar ranar da ya ɗaga wa maigidansa hannu, da ba ita kaɗai ta raini 'ya'yanta ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta: ƙaninta, autan gidansu, ɗan dako, mai zuciya a wuya. Ya taɓa zaman gidan yari kan faɗa, alƙali kuma ya ce in ya dawo zai daɗe. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, tana aji uku a makarantar. Tsoron komawarsa ya hana mai shara sakat.

Wata rana da hantsi sai ga shi a barandar da rodi a hannu. Wani direba ne ya mare shi a gaban jama'a.

"Yaya, ki riƙe min yarinyar nan yau. Zan je in rotsa masa kai."

"Ɗaga ƙafarka, yanzu na goge nan. Sannan fa?"

"Sannan su kama ni, sai me?"

"Sannan fa?"

"Ki riƙa kai min abinci."

"Da wace gwiwar? Sannan fa?"

"Haba Yaya, ni ba ɗan firamare ba ne!"

Sai wata ƙaramar murya ta fito daga ƙarshen benci, bayan bokiti. 'Yarsa ce, an koro ta don ta ciji wata a kunne. Bai ma lura da ita ba.

"Sannan a ce da ni 'yar fursuna, in sake cizon wata. Ni na riga na kai ƙarshen nawa, Baba. Gwaggo ta tambaye ni ɗazu."

Ya juya ya dube ta. Can ya zauna a bencin kusa da ita, bencin ya yi ƙara. Mai shara ta juya baya tana matse tsumman da babu sauran ruwa a jikinsa, don hawaye sun zo mata.

Rodin yana nan har yau, tokare da tagar barandar da ƙugiyarta ta karye. Takan ce tunda aka haifi Auta, shi ne abu mai amfani na farko da ya kawo mata.